Amsoshin Tambayoyinku: Shin Na'ura Za Ta Iya Ɗaukar Amanar Shugabanci?

Mafi yawan wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan a kan batu ɗaya suke, wato ƙirƙirarriyar basira, fasahar nan da ake kira AI, da irin rawar da ta fara takawa a harkar mulki da yanke hukunci a kan al'amuran jama'a. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, amma ba mu sauya manufar ko ɗaya ba.

Daga wani tsohon ma'aikacin gwamnati a Katsina: Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa wata ƙasa a Turai ta naɗa na'ura minista, an ba ta aikin kula da kwangiloli. Na daɗe ina aiki a ma'aikata, na ga yadda ake raba kwangila tsakanin dangi da abokai da iyayen gida. Na'ura ba ta cin hanci, ba ta da suruki, ba ta da ƙauye. Me zai hana mu ma mu miƙa mata wannan aiki mu huta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Baba. Abin da ka ji ya faru ne a ƙasar Albaniya. A watan Satumba na 2025 firaministan ƙasar, Edi Rama, ya gabatar da sabuwar majalisar ministocinsa, a cikinta har da wata manhajar kwamfuta mai suna Diella, wadda ake nunawa a allo da siffar mace sanye da kayan gargajiyar ƙasar. Tun farkon shekarar manhajar ke aiki a shafin gwamnati na intanet, tana taimaka wa mutane wajen neman takardu, sai aka ɗaga darajarta aka ce ita za ta riƙa duba takardun masu neman kwangila, firaministan kuma ya yi alkawarin cewa cin hanci zai ƙare baki ɗaya a wannan fanni. 'Yan adawa suka yi ca, suna cewa tsarin mulkin ƙasar bai san ministan da ba mutum ba. Akwai kuma wani ɓangare da bai cika fitowa a labaran ba, shi ne takardar da shugaban ƙasar ya sanya wa hannu ta ɗora alhakin kafa wannan minista da tafiyar da ita a wuyan shi firaministan. Ke nan ko a can ma, a idon doka, mutum ne ke riƙe da akalar.

Maganarka tana da ƙamshin gaskiya, kuma mun ga shaidarta a gida. A watan Fabrairu na 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta sanar da cewa ta cire sunayen ma'aikatan bogi sama da 23,000 daga jerin masu karɓar albashi, bayan an gwama sunayen da lambobin BVN na banki, abin da ya rage wa gwamnati kashe sama da naira biliyan 2 a kowane wata. Babu akawun da zai iya zama ya tantance dubban ɗaruruwan sunaye ya gano cewa asusu ɗaya yana karɓar albashin mutum ashirin, amma kwamfuta tana yin haka cikin ɗan lokaci, ba ta gajiya, ba ta jin nauyin kowa. A irin wannan aiki, duk wanda ya ƙi amfani da ita akwai abin da yake ɓoyewa.

Sai dai kai da ka yi aikin gwamnati ka fi ni sanin cewa ba a ranar buɗe takardu ake cinye kwangila ba. Tun wajen rubuta sharuɗɗa ake ɗinka su daidai da jikin kamfanin da ake so ya samu, tun wajen kasafi ake kumbura kuɗin aikin, bayan an bayar kuma a dawo da takardar neman ƙarin kuɗi, a ƙarshe wani jami'i ya sa hannu cewa an kammala asibitin da ko rufi ba a yi masa ba. Na'ura takardun da aka miƙa mata kawai take gani. Idan an ba ta sharuɗɗan da aka riga aka karkata, za ta zaɓi wanda aka so tun farko, sannan ta ba shi shaidar cewa babu hannun kowa a ciki. Mudun da aka bubbuga gindinsa ba ya fifita wani mai saye a kan wani, kowa yake tauye wa, kuma ba za ka gane ba sai ka san wanda ya bubbuga shi. Saboda haka tambayar farko a kan kowace irin manhaja ta gwamnati ita ce wa ya tsara ta, da waɗanne bayanai aka horar da ita, kuma wa ke da ikon sauya mata ƙa'ida da tsakar dare.

Bari in ba ka labarin ƙasar Holan, ƙasar da ba a san ta da yawan cin hanci ba, domin ka ga cewa matsalar ta wuce batun gaskiyar ma'aikata. Gwamnatin ƙasar tana ba iyaye tallafin kuɗin renon yara, a lokacin kuma hukumar haraji ce ke kula da biyan. Don kama masu damfara, hukumar ta yi amfani da wani tsarin lissafi da ke auna kowace takarda ya ba ta maki, wanda makinsa ya nuna haɗari sai a tsananta bincike a kansa. Daga cikin abubuwan da aka sa tsarin ya riƙa dubawa har da ko mutum ɗan asalin ƙasar ne, lamarin da ya sa baƙi da masu shaidar zama 'yan ƙasa biyu suka fi faɗawa tarkon. Da zarar an sa wa iyali ido, ƙaramin kuskure kamar rashin sa hannu a takarda ɗaya ya isa a ce su mayar da duk abin da suka karɓa na shekaru, wasu har dubban kuɗin Yuro. An ƙiyasta iyaye kimanin 26,000 aka yi wa wannan zalunci. Wasu sun rasa gidajensu, aure ya mutu, yara sama da 1,000 daga waɗannan iyalai suka koma hannun hukumomin kula da yara. Uwa za ta je ofis tana kuka tana tambayar laifinta, ma'aikacin da ke gabanta shi ma bai san dalilin da ya sa aka ware sunanta ba.

Da majalisar dokokin ƙasar ta yi bincike ta fitar da rahoto a watan Disamba na 2020, sai gwamnatin firaminista Mark Rutte ta yi murabus gaba ɗayanta a ranar 15 ga Janairu, 2021, daga baya kuma hukumar kare bayanan jama'a ta ci hukumar harajin tarar Yuro miliyan 2.75. Gaskiya ne Rutte ya ci gaba da riƙon ƙwarya, jam'iyyarsa ta sake cin zaɓe bayan wata biyu, kuma da yawa daga iyayen sun daɗe suna jiran diyya. Duk da haka an samu waɗanda aka kira gaban majalisa suka amsa tambayoyi, an samu waɗanda suka rasa kujerunsu. Wannan shi ne abin da nake tsoron mu rasa, Baba. Manhaja ba ta rantsuwar kama aiki, ba a tsige ta, ba a kai ta kurkuku, ba ta jin kunyar haɗa ido da wanda ta cuta. Idan muka ce ita ce minista, mun ba ɓarawon da ke bayanta mafakar da bai taɓa samun irinta ba, domin duk ranar da asiri ya tonu zai ce na'ura ce ta zaɓa. A ba ta aikin tona asiri da gwama takardu, a wallafa abin da ta gano kowa ya gani, amma sa hannun ƙarshe ya zama na mutum mai suna, wanda za a iya nuna shi da yatsa.

Daga wata malamar makarantar sakandare a Damagaram: Mun yi gardama da abokan aikina. Wasu sun ce abin kunya ne shugaba ya riƙa tambayar ChatGPT, manhajar AI da ake hira da ita, shawara a kan harkar mulki, ni kuma na ce ai neman shawara ba laifi ba ne. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Malama, irin wannan gardama aka yi a ƙasar Suwidin a watan Agusta na 2025, lokacin da firaminista Ulf Kristersson ya faɗa wa wata jarida cewa yana yawan amfani da ChatGPT da makamantansa don jin ra'ayi na biyu, kamar ya tambayi abin da wasu ƙasashe suka yi a kan wata matsala. Jama'a suka yi ta suka, har wata farfesa a jami'ar Umeå, Virginia Dignum, ta ce ai ba ChatGPT suka zaɓa ba. Mai magana da yawunsa ya fito ya ce ba a saka bayanan sirri na tsaro a ciki.

Ina tare da ke a kan cewa neman sani ba abin kunya ba ne, kuma shugaban da ke karatu da bincike ya fi wanda ba ya buɗe ko takardar da aka ajiye masa. Inda nake so ki yi hattara shi ne wajen ɗaukar abin da manhajar ke bayarwa a matsayin shawara irin wadda muka sani. Waɗannan manhajoji an horar da su ne da tarin rubuce-rubuce, suna jera kalmomi bisa abin da ya fi dacewa ya biyo baya, shi ya sa sukan ƙirƙiri abin da babu shi su faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hukunce-hukunce shida na baya waɗanda ba a taɓa yin su ba, ChatGPT ne ya ƙaga musu. Ga kuma wata illar da ta fi dacewa da masu mulki: manhajar tana da saurin goyon bayan mai tambaya. A watan Afrilu na 2025 kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya janye wani sabon gyara da ya yi wa manhajar, bayan ya amsa cewa gyaran ya sa ta yawan fadanci da yabon duk abin da aka kawo mata. Shugabanninmu kuwa ba su da ƙarancin masu ce musu “ranka ya daɗe, daidai ne”. Abin da suka rasa shi ne wanda zai dube su ya ce wannan hanya ba za ta ɓulle ba, ya kuma yarda ya ajiye aikinsa idan aka ƙi ji.

Sannan mafi yawan abin da shugaba a yankinmu yake bukatar sani ba a rubuce yake ba. Dalilin da ya sa rikicin burtali ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a wani ƙauye, ko abin da ya sa mata suka daina zuwa wani asibiti, yana bakin mai unguwa da ungozoma da direban da ke bin hanyar kullum. Manhajar da aka horar da rubutun Turanci da Faransanci ba ta taɓa jin su ba. Tun a ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a kan mulki, maganar da ya yi ta nanatawa ita ce tushen kowane bala'i shi ne mai mulki ya shiga shamaki ya ɓuya daga talakawansa. A wancan zamani fadawa da dogarai ne shamakin. Shugaban da ya ga cewa allon wayarsa ya ɗauke masa wahalar zama da jama'a ya ƙara wa kansa wani sabo. Don haka ki ce wa abokan aikinki ya halatta ya tambaya, kamar yadda zai buɗe littafi, muddin zai tantance abin da aka ba shi, ba zai zuba sirrin ƙasa a rumbun wani kamfani na ƙetare ba, kuma ba zai mayar da shi madadin majalisarsa ba.

Daga wani ɗalibin jami'a a Zariya: Mutum yana fushi, yana tsoro, yana gajiya. A fagen yaƙi, inda daƙiƙa ɗaya ke da muhimmanci, ba gara a bar wa na'ura ta yanke hukunci ba?

Amsa: Ƙanena, akwai wani dare da ya kamata duk mai wannan tunani ya san labarinsa. A ranar 26 ga Satumba, 1983, jim kaɗan bayan ƙarfe goma sha biyun dare, wani hafsan sojan Tarayyar Sobiyet, Laftanar Kanar Stanislav Petrov, yana bakin aiki a wata cibiyar sirri kusa da Mosko, inda ake karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam masu gadin makaman Amurka. Zaman ɗar-ɗar ake yi a lokacin, domin makonni uku kafin nan sojan Sobiyet sun harbo wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu, mutum 269 suka mutu. Kwatsam jiniya ta ɗauka, allo ya nuna cewa Amurka ta harbo makami mai linzami, can kuma ya nuna na biyu, har suka kai biyar, kwamfutar tana tabbatar da cewa saƙon sahihi ne ƙwarai. Aikin Petrov shi ne ya ɗaga waya ya sanar da na sama cewa an kawo hari, su kuma suna da 'yan mintoci ne kawai su yanke shawarar mayar da martani da makaman nukiliya.

Ya ɗaga wayar, amma ya ce musu ƙararrawar ƙarya ce. Dalilinsa shi ne ƙasar da ta yi niyyar fara yaƙin nukiliya ba za ta fara da makamai biyar ba, da ɗaruruwa za ta fara. Na'urorin hangen da ke ƙasa ba su ga komai ba. Tsarin kuma sabo ne, ya san bai gama nuna ba. Daga baya bincike ya gano cewa hasken rana ne ya haska wasu gizagizai masu nisa, taurarin suka ɗauka wutar tashin makami ce. Ba a ba shi lambar yabo a lokacin ba, sai ma faɗa da ya sha kan rashin cike littafin aiki yadda ya kamata, kuma duniya ba ta ji labarin ba sai bayan rushewar Sobiyet. Kwamfutar ta yi abin da aka tsara mata daidai. Abin da ba ta da shi shi ne sanin yadda abokin gaba yake tunani, da kuma iya shakkar kanta.

Ba na cewa mutum ba ya kuskure. Mu da muka ga abin da ya faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna a ranar 3 ga Disamba, 2023, inda jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam a kan masu taron Mauludi, aka binne mutum 85 a ƙidayar hukuma, ba za mu yi wannan da'awa ba, domin mutane ne suka duba hoton suka ba da umarni. Amma saboda mutane ne, an samu wanda za a tambaya. Babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya taka har garin ya nemi gafara, jama'a kuma suka samu hujjar neman a hukunta masu hannu a ciki. Ka ƙaddara a ce manhaja ce ta ga taron ta yanke hukunci da kanta, wa iyayen yaran za su riƙe? Manyan ƙasashen da suka fi kowa wannan fasaha su ma sun san da haka, shi ya sa a watan Nuwamba na 2024, a birnin Lima na ƙasar Peru, shugaban Amurka Joe Biden da na Sin Xi Jinping suka amince cewa shawarar amfani da makamin nukiliya dole ta ci gaba da zama a hannun ɗan'adam.

Sai dai kada ka ɗauka cewa ajiye mutum a gaban allo ya wadatar. Petrov ya iya cewa a'a ne saboda ya san tsarin ciki da waje, ya samu 'yan mintocin tunani, kuma yana da ƙarfin halin ɗaukar abin da zai biyo baya. Jami'in da aka ba daƙiƙa ashirin ya amince da abin da na'ura ta zaɓa, wanda kuma ya san za a tuhume shi idan ya saɓa mata amma ba za a tuhume shi ba idan ya bi ta, ɗan amshin shata ne kawai, ko da an rubuta a takarda cewa shi ne mai yanke hukunci.

Daga wani mai sayar da waya a Kano: Ana turo mana muryoyin 'yan siyasa a WhatsApp, wasu su ce na gaske ne, wasu su ce na'ura ce ta haɗa. Yaya za mu gane?

Amsa: Malam, da kunne kaɗai ba za ka gane ba, domin yanzu ɗan gajeren jawabin mutum ya isa a kwaikwayi muryarsa. Kwana biyu kafin zaɓen ƙasar Sulobakiya na watan Satumba 2023 aka saki wata muryar bogi da ke nuna jagoran wata jam'iyya, Michal Šimečka, yana shirya maguɗi da wata 'yar jarida, a daidai lokacin da doka ta hana yaƙin neman zaɓe, ya zama da wuya a ƙaryata kafin a kaɗa ƙuri'a. A Amurka ma, a watan Janairu na 2024, an kira mutanen jihar New Hampshire da muryar Biden ta bogi ana ce musu kada su fita zaɓen fid da gwani, aka ci wanda ya shirya abin tarar dala miliyan 6. Abin da za ka duba shi ne asalin saƙon: wa ya fara sakinsa, a ina aka yi maganar, a gaban wa, kuma ko wata kafar labarai mai suna ta tabbatar. Muryar da ta ɓullo ana gobe zaɓe, babu hoto, babu wuri, tana kuma faɗin daidai abin da zai tunzura ka, ka riƙe ta a wayarka kada ka tura. Ka kuma lura da ɗaya gefen, domin ɗan siyasar da aka kama da maganar da ya yi da bakinsa yanzu ya samu hanyar cewa haɗa ta aka yi, shi ma sai an nemi hujjarsa.

Daga wata 'yar kasuwa a Gusau: Duk lokacin da aka ce za a raba tallafi, sunayen 'yan jam'iyya da dangin kansila ake rubutawa, zawarawa da marayu na unguwarmu ba sa gani. An ce akwai ƙasar da kwamfuta ke zaɓo mabukata. Shin hakan zai yi mana magani?

Amsa: Hajiya, ƙasar da ake nufi ita ce Togo, kuma abin da ta yi ya cancanci a yi nazarinsa. Lokacin annobar korona, a watan Afrilu na 2020, gwamnatin ƙasar ta ɓullo da wani shiri mai suna Novissi, inda mutum zai yi rajista da ƙaramar wayarsa, kuɗin kuma su shigo masa ta wayar ba tare da sun bi ta hannun kowa ba. Da aka zo faɗaɗa shirin zuwa karkara, sai gwamnati ta haɗa kai da ƙungiyar GiveDirectly da masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen gano gundumomi 100 da suka fi talauci, ta hanyar duba abubuwa kamar irin rufin gidaje da yanayin hanyoyi, sannan manhaja ta duba yadda mutane ke amfani da waya, kamar yawan katin da suke sakawa da tsawon kiran da suke yi, ta ƙiyasta waɗanda suka fi bukata. Binciken da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa wannan hanya ta rage yawan mabukatan da ake tsallakewa da kashi 4 zuwa 21 cikin ɗari, idan aka kwatanta da sauran hanyoyin da gwamnatin ke da su a lokacin.

Amma binciken nan dai ya nuna cewa da a ce ƙasar tana da cikakkiyar rajistar gidaje wadda aka bi gida-gida aka tattara, da ta fi manhajar dacewa. Kuma ki tuna da tsohuwar da ba ta da waya sam, ko gidan da mutum biyar ke amfani da layi ɗaya da sunan maigida. Wanda ya fi kowa talauci shi ne ya fi saurin ɓacewa daga idon irin wannan tsari, domin bai bar wata alama da kwamfuta za ta karanta ba.

Ƙasar Ostireliya ta nuna abin da ke faruwa idan aka sakar wa lissafi ragamar mu'amala da talaka. Daga 2016 gwamnatinta ta sa kwamfuta ta riƙa ɗaukar kuɗin da mutum ya samu a shekara ta raba shi daidai a kan kowane mako biyu, alhali mai aikin wucin gadi yakan samu a wannan wata ya rasa a wancan. Da wannan gurguwar ƙidaya aka riƙa aika wa masu karɓar tallafi takardar cewa gwamnati na bin su bashi, aka kuma ɗora musu nauyin kawo hujjar cewa ba haka ba ne. Kotu ta ce tsarin ya saɓa wa doka a 2019, a shekarar da ta biyo baya gwamnati ta amince za ta mayar da kuɗin basussuka kimanin 470,000, kwamitin binciken da ya miƙa rahoto a watan Yuli na 2023 kuma ya gano cewa tun 2014 lauyoyin gwamnati suka yi gargaɗi a kan wannan lissafi, manya suka kau da kai. Laifin na mutanen da suka ji gargaɗi suka yi shiru ne, kuma hadisin da ya ce kowannenmu makiyayi ne da za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo bai cire wanda ya wakilta kwamfuta ba.

Idan wata rana jiharku ta ce za ta zaɓi masu cin tallafi da manhaja, ki sani dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023, a sashe na 37, ta ba ki 'yancin kada a yanke hukuncin da ya shafi rayuwarki sosai da na'ura zalla, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi, kuma ko a nan kina da damar neman mutum ya sake dubawa, ki faɗi ta bakinki, ki ƙalubalanci sakamakon. Abin da ya kamata ƙungiyarku ta mata 'yan kasuwa ta nema daga ɗan majalisarku tun kafin a fara shi ne a bayyana ma'aunin da za a yi amfani da shi da Hausa, a liƙa sunayen waɗanda aka zaɓa a ƙofar mai unguwa da makarantar firamare inda kowa zai gani, a ware kaso ga marasa waya waɗanda jama'ar unguwa za su tantance a bainar jama'a, sannan a faɗi sunan jami'in da za a kai wa ƙorafi a sakatariyar ƙaramar hukuma da adadin kwanakin da dole ya ba da amsa a cikinsu.